Ko Ya Dace a Ɗora Tukunya a Kufai?

Bahaushe yana da kalma ta musamman domin garin da mutanensa suka tashi suka bari, wato kufai. Kango na gida ɗaya ne, kufai kuwa na gari ne ɗungum. Wanda ya taɓa ratsa kufai ya san alamunsa: tsohuwar kuka tsaye ita kaɗai, rijiya ta cike da ƙasa, tsingaro a warwatse, duwatsun murhu uku uku suna nan inda matan gida suka bar su, baƙin hayaƙi bai gama goguwa daga jikinsu ba. Matafiyi yakan rage murya a irin wannan wuri ba tare da wani ya ce masa ya rage ba. Yara ma, in an bi da su ta nan, sukan daina wasa su kama hannun babba.

To, a ce matafiyi ya iso kufai, maimakon shiru sai ya tarar da hayaƙi yana tashi, tukwane ɗari ɗari a kan wuta, ƙamshin nama da barkono ya cika iska, ana kiɗa ana dariya, ga alƙalai zaune suna ɗanɗana miya domin su faɗi wanda ya fi iya girki. Can gefe kuwa ga kaburburan waɗanda suka gina garin, suka mutu a ramukansa. Me ya kamata matafiyin nan ya yi? Ya karɓi kwano ya ci, ko kuwa ya karkaɗe rigarsa ya wuce?

Wannan ba tatsuniya ba ce. Akwai kufan wani garin haƙar ma'adinai a Amurka inda ake yin haka kusan kowace shekara tun 1967. Tambayar kuwa ta shafi Hausawan ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, gama kogin da suke sha ya taɓa ganin garin zinariya ya tashi ya faɗi, a 'yan shekarun nan kuma faɗa ya mai da waɗansu unguwanninsu kufai. Saboda haka ya fi kyau a fara daga gida kafin a haye teku.

Garuruwa biyu a bakin kogi ɗaya

A shekarar 1820 Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ya aiko ɗansa Isma'ila da runduna su ci ƙasar Sudan. Abu biyu yake nema, bayi domin aikin soja, da zinariya domin baitulmali. Sinnar ta miƙa wuya a 1821. Kafin shekarar ta ƙare Isma'ila ya nausa kudu, ya bi Shuɗin Nilu zuwa Fazugli, kusa da iyakar Habasha. Tun kaka da kakanni mutanen waɗannan duwatsu, musamman Barta, sukan tace yashin ƙoramu da akushi, su sami ƙurar zinariya kaɗan kaɗan su kai kasuwa. Amma labari yakan yi ƙiba a hanya. Kafin ya kai Alƙahira, ƙurar da ke gindin akushi ta zama tsaunukan zinariya.

Isma'ila ya kama mutane da yawa ya mai da su bayi, amma zinariyar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba. Basha bai haƙura ba. Ya aiko masana duwatsu daga Turai, cikinsu har da wani mutumin Ostiriya mai suna Joseph Russegger, wanda ya zaga ƙasar a 1837 da 1838. Daga baya tsohon da kansa ya taso, yana da shekara kusan 70, ya haura kogi har ya iso Fazugli a farkon 1839. Ya sa aka kafa sabon gari kusa da Famaka, aka raɗa masa sunansa, aka kawo sojoji da ma'aikata da kayan aiki. A 1848 wani injiniya daga Rasha, Kovalevsky, ya zo ya kafa wurin tace zinariya a kwarin Tumat. Duk da haka abin da aka samu bai biya kuɗin da aka zuba ba, balle rayukan da zazzaɓi da wahala suka ci. A ƙarshe Fazugli ta zama wurin da hukumar Masar take jefa fursunoni da waɗanda take so ta nesanta. Sunan da Basha ya ba garinsa bai zauna a bakin mutane ba. Sunayen da ya tarar, Fazugli da Famaka, su suka wanzu.

Bayan shekara 60 da 'yan kai, waɗansu baƙi dabam suka iso bakin wannan kogi. A ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, yana kan hanyar hijira daga Turawan Ingila. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Bayan doguwar tafiya suka iso Shuɗin Nilu wajen 1906, suka zauna kudu da Sinnar kaɗan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ba su zo da runduna ko masana daga Turai ba. Fartanya ce a kafaɗa, iri a ƙunshe cikin tsumma. Suka shuka dawa a tudu, suka yi lambu a gaɓar kogi inda ruwa yake janyewa, albasa da kuɓewa da tumatir da barkono. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai Hausawa da Filani da Barebari suka zama 'yan ƙwadagon cirar auduga. Da yawansu maniyyata ne da suka tsaya neman guzurin Makka, zama ya kama su. Ƙauyukansu suka bazu daga wajen Wad Madani har Damazin da Rusairis.

Ga abin lura a nan. Sarki mai iko ya kafa gari bisa abin da ake haƙowa, garin bai yi ƙarko ba. 'Yan gudun hijira suka kafa gari bisa abin da ake shukawa, garin ya haura shekara 100. Dalilin a fili yake: rami ba ya haihuwa. Kowane kwandon ƙasa da aka fitar daga cikinsa yana rage kwanakin garin da ke bakinsa. Gona kuwa, in an kula da ita, takan mayar da abin da aka ba ta kowace damina. Garin haƙa yana goye da kufansa tun ranar da aka kafa tubalin farko. Sai dai kada wannan ya sa manomi ya ga ya fi mahaƙi daraja, domin sau da yawa mahaƙi manomi ne wanda fari, ko haraji, ko bulala ta tura cikin rami.

Garin zaiba da gasar barkono

Garin da aka ambata a Amurka sunansa Terlingua. Yana cikin hamadar yammacin jihar Teksas, ba nisa da kogin Rio Grande wanda ya raba Amurka da Meksiko. A ƙarshen ƙarni na 19 aka gano wani jan dutse a wurin, wanda in an gasa shi a tanderu yakan fitar da tururi, in tururin ya huce sai ya zama zaiba, wato ƙarfen nan mai launin azurfa da ke gudu kamar ruwa. A 1903, shekarar da aka yi yaƙin Burmi, wani attajiri mai suna Howard Perry ya kafa kamfanin haƙa na Chisos. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar zaiba ta yi kyau ƙwarai, gama da ita ake haɗa sinadarin da ke tayar da harsashi da nakiya. Gari ya cika da mutum fiye da 1,000. Aka gina kantin kamfani, da makaranta, da ɗakin sujada, daga baya har da gidan siliman. Mai kamfanin ya gina wa kansa bene a kan tudu inda zai riƙa hangen kowa.

Galibin masu shiga rami 'yan Meksiko ne, waɗansunsu sun gudo ne daga yaƙin basasar ƙasarsu da ya ɓarke a 1910. Unguwarsu dabam take da ta Turawa, ɗakunansu na dutse ne da laka. Tururin zaiba guba ne. Wanda ya daɗe yana shaƙarsa yakan fara dalalar da yawu, haƙora su yi girgiɗi, hannu ya kama rawa. Ga haɗarin rami, ga annobar mura ta 1918 da 1919 wadda ta ƙara cika maƙabarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya dutsen ya fara ƙarewa, ruwa yana shiga ramuka, kamfani ya karye a 1942. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka daina aiki, mutane suka watse, aka kwashe kwanon rufi da ƙofofi aka sayar. Abin da ya rage shi ne bangaye marasa rufi da ɗaruruwan kaburbura, tsibin duwatsu da gicciyen itace, da yawansu ba suna.

Bayan shekara 20 da wani abu sai gardamar miya ta ta da garin. Mutanen Teksas suna da wani abinci da suke kira cili, nama ne da ake dafawa a hankali da busasshen jan barkono da tafarnuwa da kayan ƙamshi har romon ya yi kauri. Suna alfahari da shi kamar yadda Bakano yake alfahari da kilishi. Wani marubuci mazaunin jihar New York, H. Allen Smith, ya yi cika baki a wata mujalla cewa ya fi kowa sanin wannan miya. 'Yan jaridar Teksas, cikinsu har da Frank Tolbert, suka ce sai a gwada. Aka sa rana, 21 ga Oktoba 1967, aka zaɓi kufan Terlingua ya zama fage, Wick Fowler ya tsaya wa Teksas. Alƙalai uku aka naɗa. Na ɗaya ya zaɓi wannan, na biyu ya zaɓi wancan, na uku ya ce barkono ya kashe masa harshe, ba zai iya yanke hukunci ba. Aka tashi kunnen doki.

Abin da aka fara da wasa ya zama al'ada. Kowace shekara a makon farko na Nuwamba dubban mutane sukan tuƙo motoci su kafa tantuna a filayen da ke kusa da kufan, a yi babbar gasar ranar Asabar. Mai son shiga sai ya yi nasara a ƙananan gasa cikin shekara tukuna. Doka ta hana zuba wake ko shinkafa a tukunyar gasa. Alƙalai sukan duba ƙamshi, da kauri, da jan launi, da ɗanɗano, da abin da ya rage a baki bayan an haɗiye. A 1983 masu shirya gasar suka saɓa, suka rabu biyu, tun daga nan gasa biyu ake yi a mako guda.

Masu cewa bai dace ba

Mutumin kirki zai iya jin wannan labari ransa ya ɓaci, yana kuwa da hujja. Zai ce wurin da aka binne mutane yana da alfarma, ko da danginsu sun yi nisa. Mamaci ba ya iya kare kansa, saboda haka yadda ake bi da kabarinsa shi ke nuna ainihin halin masu rai. Wanda yake ladabi ga mai iya rama masa, wataƙila tsoro ne. Wanda yake ladabi ga kabarin baƙo, wannan ladabi na gaskiya ne.

Zai ƙara da cewa biki yana iya zama bargon rufe laifi. Sa'ad da aka mai da wurin wahala ya zama wurin shaƙatawa, sai a riƙa kallon bangon ɗakin mahaƙi kamar kayan ado, a tsaya a gabansa a ɗauki hoto, ba wanda zai tambaya mutum nawa suka kwana a ɗakin, ko nawa ake biyansu a yini. Talaucin jiya ya zama abin kallon mai kuɗin yau. An ci guminsu suna da rai, yanzu kuma ana cin kangonsu.

Hujjarsa ta ƙarshe ta fi nauyi. Zai ce kufai malami ne, darasinsa kuwa da shiru yake bayarwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mai tsayawa a gaban benen Perry wanda ya zama kango, ko mai tuna garin da Basha ya sa wa sunansa, yana iya koyon cewa dukiya da iko suna da iyaka. In an cika wurin da kiɗa da hayaniya, wa zai ji muryar malamin?

Masu cewa ya dace

Amma wani mutumin kirki zai amsa masa, shi ma da hujja. Zai fara da tambaya: ina ne a duniya ba kufai ba? Kasuwar da ake ci yau, wa ya san wanda yake kwance a ƙarƙashinta? Da za a hana ɗora tukunya duk inda wani ya sha wuya ya mutu, da ba sauran wurin hura wuta a bayan ƙasa. Manoman ƙasar Hausa sun san cewa kufai ya fi ko'ina ba da amfani, domin tokar murhu da juji na mutanen da suka shuɗe sun zama taki. Ba wanda yake kiran mai noman kufai marar kunya.

Zai kuma tuna masa da gidan makoki. Sa'ad da aka yi rasuwa, maƙwabta sukan shigo da kwanukan tuwo da kunu, a zauna a ci, har wani tsoho ya ba da labarin wata ɓarnar da mamacin ya yi yana yaro, a yi dariya da hawaye a ido. Ba wanda yake ganin an wulakanta mamaci. Gidan da ba a hura wuta ba, ba a kuwa kawo abinci ba, shi ne gidan da aka yasar. Mahaƙan Terlingua ma ba kuka kaɗai suka yi ba. Sun yi aure, sun yi suna, sun yi rawa, matansu kuma sun daka barkono kowace rana. Wanda ya ce shiru kaɗai ya dace da su, ya manta cewa su ma mutane ne masu son daɗin baki.

Akwai misali a Nijeriya wanda Hausawa da yawa suka sani. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunin Jos. Leburori suka kwararo daga Kano da Zariya da Sakkwato da sauran wurare, har barikokin haƙa suka sami sunayen Hausa a ƙasar Birom, irin su Barikin Ladi da Dorowa da Gindin Akwati. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka ɗora aikin tilas a Arewa har 1944. Aka kwaso dubban talakawa daga ƙasa mai zafi zuwa sanyin tsauni ba isasshen abinci ko bargo, da yawa ba su koma gida ba. Farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, manyan injuna suka tsaya, aka bar ɗaruruwan ramuka cike da ruwa. Waɗannan tafkuna sun ci mutane da dabbobi. Duk da haka yau masu lambu suna jan ruwansu da rani suna shuka tumatir da kabeji da tattasai da attarugu, a Rayfield kuma iyalai sukan je bakin wani tsohon rami su huta ranar hutu. Wa zai ce wa mai lambun nan ya bar barkononsa ya bushe domin girmama waɗanda suka haƙa ramin?

Inda gaskiyar take

In an auna hujjojin nan biyu da kyau, za a ga cewa laifin ba a cikin tukunya yake ba. Na farko yana tsoron mantuwa ne, na biyu kuwa yana kare rai. Ana iya ba kowannensu abin da yake nema. Biki a kufai yakan zama cin fuska sa'ad da masu bikin suka ɗauki wurin kamar fili ne da ba mai shi, kamar ba wanda ya riga su. Yakan zama alheri sa'ad da suka zo kamar baƙi a gidan wani, suka gai da masu gida tukuna, ko da masu gidan suna kwance a ƙasa.

A Terlingua ɗin kanta akwai abin da ke nuna haka. Kowace ranar 2 ga Nuwamba, wato ranar tunawa da matattu bisa ga al'adar Meksiko, mazauna wurin da baƙi sukan taru a tsohuwar maƙabarta da yamma. Sukan kunna kyandir a kan kaburbura, har da marasa suna, su ajiye furanni, su kawo abinci su ci tare. Wannan rana takan faɗo kusa da ranar gasar, wani lokaci cikin mako guda. Abinci ne a nan, abinci ne a can. Bambancin shi ne, a maƙabarta an san domin wa aka taru. Baƙon da ya je gasa, ya kuma taka zuwa maƙabarta ya tsaya ko na ɗan lokaci, ya ci miyarsa da halal. Wanda ya kwana uku yana shagali bai ko tambayi abin da aka haƙa a wurin ba, ya ci, amma ya tafi da bashi a wuyansa.

Bashin nan kuwa ya fi yadda ake zato yawa. Barkono ba ɗan asalin Teksas na Turawa ba ne, ba kuwa ɗan ƙasar Hausa ko Sudan ba. Daga nahiyar Amurka ya fito, mutanen ƙasar Meksiko sun yi dubban shekaru suna nomansa, kalmar cili ma daga harshensu take. Bayan 1492 ne jiragen Turawan Fotugal da na Sifen suka yaɗa shi a duniya. Gyaɗa ma daga Amurka ta Kudu ta zo. Ashe mai agashe a kasuwar Sinnar ko Wad Madani, wanda yake barbaɗa garin ƙuli da barkono a kan nama ya jera shi kewaye da garwashi, sana'ar da Sudan duka ta san ta Hausawa ce, yana aiki ne da kyautar kakannin waɗancan mahaƙa. Shatta da ake dangwala a kowane gida ma haka. Ba mai cin abinci da ba ya cin gumin wanda bai sani ba. Godiya ita ce sanin haka da faɗinsa.

Tunawa ta gaskiya kuma ba ta tsayawa ga kyandir. Dole ta juyo ta dubi masu rai, gama ramin bai rufe ba, wuri kawai ya sake. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da yawancin man fetur, zinariya ta zama babbar hajar da Sudan take sayarwa waje. Samari daga ƙauyukan noma suna barin fartanya suna tafiya ramuka, a arewa, da Darfur, da duwatsun Kurmuk da Gaisan, ƙasar da Basha ya yi wa kwaɗayi. Da me suke kama zinariyar? Da zaiba. Sukan cuɗa ta da hannu cikin niƙaƙƙen dutse, sa'an nan su ƙona curin a wuta, su shaƙi irin tururin da ya zubar da haƙoran mutanen Terlingua. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 domin rage amfani da zaiba, amma takarda ba ta isa bakin kowane rami ba. A Zamfara kuma, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wanda ya yi juyayi a kabarin mahaƙin da ya mutu shekara 100 da suka wuce, amma bai gargaɗi ɗan maƙwabcinsa da ke shirin tafiya rami gobe ba, juyayinsa na kallo ne kawai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sababbin kufaifai

Ba ƙarewar ma'adini kaɗai ke kashe gari ba. Ko garin da aka kafa bisa shuka yana iya zama kufai in zaman lafiya ya ƙare. A watan Yuli na 2022 faɗa ya ɓarke tsakanin Hausawa da waɗansu maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai masu yawa suka bar gidajensu. A Afrilu 2023 babban yaƙi ya tashi a Khartum, a Disamba na shekarar ya ci Wad Madani, ƙauyukan Jazira da yawa suka watse. Sojojin gwamnati sun karɓe birnin a Janairu 2025, waɗansu iyalai kuma suka fara komawa.

Masu komawa irin wannan gida su ne tambayar nan ta fi shafa. Mace za ta tsaya a tsakar gidanta, rufi ya ƙone, maƙwabciyarta ba ta dawo ba, wataƙila ba za ta dawo ba har abada. Za ta ji nauyin hura wuta. Ranar da aka fara biki a unguwar, aure ko suna, waɗansu za su ce an yi sauri, waɗansu su ce an daɗe. Kada ɗayansu ya zargi ɗaya. Mai kuka yana tsaron sunan waɗanda suka tafi, mai girki yana tsaron ran waɗanda suka rage, gari kuwa yana bukatar su duka biyu.

Abin da ya dace shi ne a ɗora tukunyar, a sa mata barkono yadda aka saba. Kafin a raba, dattijo ya tashi ya ambaci waɗanda suka zauna a wurin da sunayensu, har da waɗanda ba kabila ɗaya ko addini ɗaya ba. A zuba kwano a aika wa gwauruwa da marayu, a aika wani kuma ƙetaren hanya, gidan maƙwabcin da aka yi faɗa da mutanensa, in zai karɓa. A zaunar da yara a nuna musu inda rijiya take, da wanda ya haƙa ta.

Matafiyin da ya iso kufai ya tarar da biki, bari ya tambaya tukuna: su wa suka zauna a nan, me suka haƙa, ina aka binne su? In an nuna masa, ya je ya tsaya, ya cire hularsa. In ba wanda ya sani, ya nemi sani, ya faɗa wa na kusa da shi. Sa'an nan ya dawo ya wanke hannu, ya karɓi kwanonsa, ya yi godiya, ya ci.